Nauyin Nibaldo

A Valparaíso, can saman tudu
inda gidaje ke rataye kamar shanya,
kwamfutar Ofelia ta ƙi aika hoton mijinta.
Wai ya yi nauyi.

Ta yi dariya.
Mutumin da ciwo ya ramar
har tana ɗaga shi ita kaɗai,
yau shi ne ya fi ƙarfin intanet?

Jikanta Ítalo ya jawo kujera.
Megabait goma sha huɗu, in ji shi,
sai an matse.
Ya matse, ya koma kilobait ɗari uku,
ya isa wurin 'yarta a Oslo
kafin shayi ya huce.

Daga nesa shi ne dai:
hula, kwalekwale, teku a bayansa.
Da ta gyara tabarau ta matso,
tabon ƙugiya a babban yatsa ya narke,
furfurar gira ta zama hayaƙi,
sunan kwalekwalen ya koma dabbare-dabbare.

Kaka, ai ido ba ya lura.

Idon wa? ta ce.
Bar mini babban a nan.
In wuri ya ƙare,
goge na bikin maƙwabta.