Gaba Tara

Ni ne Nomau, mahaƙin rijiya, ɗan mahaƙin rijiya.
Ban yi boko ba, ƙasa ce allona.
Na san inda jar ƙasa ke ƙarewa,
na san kukan marmara in ta sha diga.

A Unguwar Kanya, gabas da Birnin Kudu,
gaba tara na sauka, har na wuce marmara,
na tsinci dutse mai baki kamar na gizago.
Gatarin aradu ne, in ji na bakin rijiya,
jefar, kar tsawa ta biyo kayanta.
Na sa shi a aljihu. Har yau ban san dalili ba.

Dakta Tanimu ya zo kan babur mai tari,
ya karɓi dutsen hannu biyu, kamar jinjiri.
Ya ce, Nomau, buɗe tafinka.
Da ya kwantar da shi,
sai babban yatsana ya faɗa wani gurbi
kamar da ni aka gwada.
Ya ce, aradu ba ta da yatsa.

Shekara goma sha ɗaya muna sauka tare,
ni da diga, shi da ɗan buroshi,
yana ƙulla ƙasa a leda, yana raɗa mata suna.
Yara suka sa masa Dakta Tsakuwa.
Liman ya tare shi bayan la'asar:
Da Annabi Adamu kake ja?
Ya ce, wane ni, Malam! Jikokinsa nake ƙirgawa,
na ga sun fi yadda aka faɗa mini nisa.

Ya kai maganar birni, gaban manyan masana.
Ya ce an daɗe ana hura wuta a nan
fiye da lissafin littattafanku.
Suka ce ƙasa ce ta zame.
Suka ce ruwa ne ya gangaro da shi.
Suka ce, wa ye shaidarka? Mahaƙin rijiya?
Wannan ta ƙarshen ya ɓoye mini,
a bakin direbansu na ji ta.

Kuɗin bincike ya ƙafe kamar tafki a bazara.
Ya sayar da filinsa na Dutse,
ya aika ƙasarmu awo ƙetaren teku.
Amsa ta dawo da baki biyu,
ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.
Ladidi matarsa ta ce, gida ya cika da duwatsu,
ko uku an hana ni in kafa murhu.

Wata rana a gindin rami,
sama ta zama kamar faifai a kanmu,
ya ce, Nomau, in kuma ni ne na ɓata fa?
Na ce, Dakta, rijiya bakwai na haƙa ba ruwa,
ban taɓa jin haushin diga ba.
Ya yi dariya har ƙasa ta zubo mana a wuya.

Bara, da kaka, ciwon ƙirji ya tafi da shi.
Ni na haƙa kabarinsa.
Ko gaba guda bai kai ba,
hannuna yana ta son ya ci gaba.

Akwatunansa na zaurena,
kaza tana ƙwai a kan na ukun.
Ba wanda ya zo tambaya tukuna.
Shekarun dutsen, Allah masani.
Ni dai in dare ya yi nakan ɗauko shi,
in sa yatsa inda wani ya sa nasa,
in ji kamar mun gaisa.