Takalmi Huɗu

Ranar Litinin na kai ta rumfar Labo,
can Sabon Gari, inda baƙin mai ya rina ƙasa.
Ƙafafunta huɗu duk sun yi sanƙo,
ta baya ta hagu har waya ta leƙo
kamar furfura a gemun da bai shirya tsufa ba.

Labo bai gaishe ni ba, motar ya gaisar.
Ya durƙusa, ya shafa, ya girgiza kai:
"Wannan ai ba mai ke tafiyar da ita ba, addu'a ce."

Ya mirgino ta farko,
haƙora gatso-gatso, kafaɗa kamar ta ɗan kokowa.
"Ga uwar laka. Ko Gulbi ya cika, ta haye."
Na san ta.
Bisa gudron kuka take tun daga Tibiri
har kunne ya toshe,
tana shan gazuwal kamar kyauta ake ba ni,
in kuwa ta samu rairayi mai laushi
sai ta haƙa wa kanta kabari, ta kwanta.

Ta biyu sumul, 'yar birni,
ba hayaniya, ba tsada.
Amma ƙayar aduwa ba ta jin kunyar baƙo.
Ni allurar shanu nake ɗauka cikin akwatin ƙanƙara,
ƙanƙara kuwa ba ta jiran mai faci.
Bara, bayan Dakoro, kafin Bermo,
awa biyar ina tonon rairayi da faranti,
akwati na ɗiga, ɗis, ɗis,
Juli na tsaye da sandarsa a wuya, shanunsa a baya.
Bai ce mini komai ba.
Da zagina ya yi, da na yi barci a daren.

Ta uku ba ta cika ido ba.
Haƙori madaidaici, gefe mai kauri,
ba ta zama gwana a ko'ina,
ba ta kuma ba da kunya a ko'ina.
Na tura tsinken ashana cikin tsagarta
yadda maigidana Nomau ya koya mini,
ya nutse har wuya.

"Akwai irinta ta gwanjo," in ji Labo, "rabin kuɗi."
Na juya ta, na tofa yawu, na goge gefe,
na karanta lambobi huɗun nan, mako da shekara.
Ta girmi Tsahara,
Tsahara kuwa tana aji uku.
Haƙori bai zube ba, amma fata ta tsattsage.
Na ce a mayar da tsohuwa ta huta.

Jika saba'in da biyar kowace.
Kuɗin uku aka ba ni a ofis.
"Sa biyu gaba, biyu su jira kaka."
Sai na ji muryar Nomau, Allah ya jiƙansa:
mota mai ja da ƙafa huɗu
ba a sa mata takalmi iri biyu,
cikinta ne zai biya.

Na laluba ɗaya aljihun,
inda kuɗin ƙofar sabon ɗakina ke kwance.
To.
Ɗaki ya ƙara damina guda da labule.

Da la'asar yaran Labo suka ɗaure na ƙarshe.
Tsoffin kuwa wani dattijo ya saye su,
mai yanka takalma a bakin kasuwa.

Wata uku bayan nan, a wata rijiya arewa da Dakoro,
na sauka in rage iska,
sai ga sawu a kan rairayi,
ƙafar mutum, zanen tsohuwar tayata,
har da tabon da ƙusa ta bar mata a Ɗan Isa.
Ya miƙe gabas, ya hau tudu,
inda ni da sababbi huɗu ba mu isa mu bi ba.