Akwai

Ni mai awo ne a Tudun Hatsi,
shekara talatin da ɗaya ina ƙirga buhu,
ban taɓa rasa bakin faɗin abin da ke sito ba.
Akwai wake. Akwai buhu ɗari.
Akwai wani ɓera da ya gagari tarko.
Kalma guda ke ɗauke su duka,
kamar amalanke, ba ta tambayar nauyin kaya.

Sai banki ya ce a rubuto da Turanci.

Na shiga ajin dare a bayan Tashar Dukku,
bencin yara, gwiwa tana gaida haɓa.
Malama Rifkatu, 'yar Kaltungo,
ta tsaga allo biyu da alli:
nan there is, can there are.
Ɗaya ya kwana a hagu, in ji ta,
daga biyu zuwa sama kowa ya koma dama.

Na ce ai wannan ko rabon goro ya fi shi wuya.
There is a bag. There are ten bags.
Har da wata 'yar s a ƙarshe
tana bin su kamar jelar akuya.

Sai masara ta faɗo mini a rai.
Na ɗaga hannu: Malama, mudu guda,
ƙwaya nawa ce a ciki? Wa ya taɓa ƙirgawa?
Dama za ta ke nan.
Ta ce a'a, there is maize.
Abin da ake aunawa ba a ƙirga shi,
ɗaya ne a wurinsu ko ya cika tirela.
Ruwa haka, gishiri haka, man gyaɗa haka.
Na ce to, kuɗi fa?
Shi da muke ƙirgawa har da yawu a yatsa?
Ta yi dariya sai da alli ya suɓuce:
there is money, Alhaji,
in ma akwai shi.

Mako shida ina haka,
ina bin lebura da Turanci a bakin mota,
har Hammayo mai ɗinkin buhu ya fara ce mini Bature.

Daren da na zauna cike takardar
an ɗauke wuta, fitilar waya ce a haƙorina.
Layi na huɗu yana tambaya:
masu shagon su nawa ne?
Hannu ya riga ni, ya rubuta there are two.
Amsar shekara talatin ke nan,
ni a kan littafi, Bappayo a kan sikeli,
ƙanena, mai gane nauyin buhu daga tafiyar ɗan dako.
Damina biyu ke nan da muka raka shi.

Na soke biyu, na sa ɗaya.
Na ce shi ke nan, na biya.

Washegari Malama ta duba, ta daɗe ba ta ce komai ba.
There are one.
Ta ce lamba kaɗai ka gyara, Alhaji,
in mutum ya ragu, aikatau ma sai ya bi shi.
Ta ja jan biro a kan are,
a hankali, kamar mai cire ƙaya,
ta rubuta is a samansa.

Hausa ba ta taɓa yi mini haka ba.
Muna biyu, akwai.
Na rage ni kaɗai, akwai.
Ta rufa mini asiri damina biyu,
ba ta ce in nuna gurbin ba.
Turanci ne ya biyo ni har cikin jimla
ya ɗauke kujera ɗaya.

Bankin bai amsa ba har yau.

Ɗazu da safe wata yarinya ta leƙo da kwano:
Baba, akwai farin wake?
Na ce akwai.
Muduna yana kusa, amma na miƙa hannu kan ƙusa
na sauko da nasa, mai lotsattsen baki,
na cika shi har ya yi tozo
yadda yake yi in ba na kallo.