Ƙanzon Wuta

Shekara tara ina tura baro
daga gindin tukunyar gas zuwa bayan izini,
inda baƙar laka ta yi tozo
har ta tsere wa katanga.
Kwal ya shiga da safe, iskarsa ta bi bututu ta tafi,
ni aka bar wa saura:
jiƙaƙƙe, mai nauyi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Kakana ya narka tama a duwatsun Adar, ya san irinsa.
Kashin maƙera, in ji shi,
ko akuya ba ta sansana shi.

In na koma Garkawa da almuru
sai Gwamma ta janye tabarma.
Ruwa uku nake wanka kafin in zama mijinta.

Ran wata Talata ga yarinya da bokiti biyu,
Tsahara ɗiyar Nomau mai albasa,
wadda ta tafi Yamai karatu ta dawo da tabarau.
Ta durƙusa, ta damƙi lakar nan,
ta murza kamar mai tayin gari a kasuwa.
Ta ce, Baba Cindo, wannan bai gama ci ba.
Na ce, wane ci?
Ta ce, wuta ta yi gaggawa.
Ta kwashe tuwo, ta bar ƙanzo.

Na yi dariya har Agali ya leƙo daga kamiyonsa.

Amma na ɗebo mata ruwa.
Ta zuba laka, ta ɗiga mai, ta hura iska ta ƙasa,
sai kumfa ta taso, baƙa wuluk, tana ƙyalli,
tsakuwa ta koma gindi ta kwanta.
Ashe sheƙa ce, sai dai a cikin ruwa,
kuma a nan tsaba ke tashi sama.

Muka yaɗe kumfar, muka matse a buhu.
Lakar nan tana riƙe ruwa kamar mai riƙon zuciya,
kwana shida ranar Tawa na lallashinta.
Muka dama da kokon rogo, muka cura kamar fura.
Na farko ya wargaje a tafina.
Na biyu ya yi hayaƙi har kare ya bar inuwa.
Tsahara ta cire tabarau ta share ido,
ta ce hayaƙi ne. Na ce haka ne, hayaƙi ne.
Na nawa ya kama? Ban ƙidaya ba.
Damina dai ta zo ta wuce.

Maidabo mai gasa bulo ya juya ɗaya a hannu,
ya ce shi da itacen gawo ya saba,
ba ya sayen juji da kuɗinsa.
Agali ya sauke masa buhu ashirin bashi.
Daren nan ban yi barci ba.
Na tsaya bakin tanda, na ga wutar ta yi ja,
ta yi ɗorawa, ta yi fari
har ido ya kasa.
Da gari ya waye Maidabo ya ƙwanƙwasa bulo biyu,
suka yi ƙara kamar ƙararrawa.
Bai ce komai ba. Ya tambayi kuɗin buhu.

Yanzu inji ke curawa, ni ke duba awo.
Kamiyo uku ke fita kowace Alhamis,
tsakuwar ma masu siminti sun sa mata suna.
Tozon ya sauka, har ina hango hanyar Konni
da gawon nan biyu da gatari bai kai gare su ba.
Tarin da na kwasa bai bar ƙirjina ba,
wannan babu injin da ke wanke shi.

Curin farko, wanda ya wargaje,
yana cikin gwangwanin tumatir a kan taga.
Gwamma ta so zubarwa ranar shara.
Na ce bar shi.
Bai gama ci ba.