Ƙusa

Shekara goma sha ɗaya ina haya a Bolari,
rasit na tara cikin gwangwanin madara,
kowanne da sa hannun Alhaji Gidado,
babu ɗaya da ya taɓa zama bangona.

Ranar da na buga ƙusa don rataye agogo,
yaronsa ya iso kafin in ajiye guduma:
"Alhaji ya ce a daina huda masa gini."
Na zare ta da bakin filaya,
na jefa ta a lanƙwashe cikin aljihuna.

Sai adashi. Mu bakwai a ofishin malamai.
Kwasar farko ta tafi asibiti, haihuwar Ladidi,
ta biyu na ƙulle, ta uku na ƙulle.
Hurera ta sayar da keken ɗinkinta, ba ta faɗa ba,
sai gurbin ƙafafunsa na gani a siminti,
na rasa inda zan kai idona.

Jauro Sale dillali, hula a karkace,
ya goya ni a babur har bayan Tumfure.
"Ciki da falo, ga kicin, ga bayi,
ruwa kuwa, Malam, har sai ka ture."
Bai yi ƙarya ba. Turo shi ake a kura,
jarka-jarka, da kuɗina.

Falon, in ka yi miƙa ka taɓa ƙofa.
Taga na kallon bayan shagon mai faci.
Can gangare akwai kwari mai cin ƙasa da damina,
na auna tsakaninmu, taku ɗari da sittin,
na ce Allah Ya tsare, na haɗiye tsorona.

Gaban mai unguwa muka zauna a tabarma,
shaidu biyu, biro ɗaya mai gardama.
Cikon kuɗin bashi ne, wata talatin ana yanka,
Jauro na lasar yatsa yana ƙirga la'ada.
Da aka miƙo takarda na karanta sau uku,
ba don ban gane ba,
don dai in sake ganin sunana.

Gadon aurenmu ya ƙi shiga.
Baba Yila na maƙwabta, tsohon ma'aikacin reluwe,
ya fito da sufana, bai tambayi ɗan wane ne ni ba,
muka kwance shi ƙafa-ƙafa muna gumi.
Matarsa ta aiko da kunun gyaɗa da zafinsa,
kafin in san sunanta ta san na 'ya'yana.

A bangon ɗaki, daf da ƙofa,
wani ya bar layukan fensir hawa-hawa,
tsayin yaron da ya girma nan ya tafi.
Hurera ta ce a shafe. Na ce bari tukuna.
Ladidi ta jingina, kanta ya wuce layi na biyu,
na ja mata nata da guntun allin aikina.

Yayana ya zo, ya duba, ya taɓe baki:
"Wannan ai akurki ne, da ka jira ka gina."
Na ce, Yaya, guntun gatarinka... ka san sauran.
Ya shanye shayinsa bai tanka ba,
da zai tafi ya danƙa kuɗin fenti a hannuna.

Daren farko barci ya ƙi.
Babu wuta, sauro ya zo barka da zuwa.
Na kasa kunne ga ƙofa yadda na saba ƙarshen wata,
ba abin da ke bugawa sai ƙirjina.

Da na dawo sallar asuba
na lalubo ƙusar nan ƙarƙashin rasit, ta yi tsatsa.
Na miƙar da ita a kan dutse a hankali,
na buga sau uku, gari ya ɗan zubo.
Na tsaya ina jira.
Babu yaron kowa.
Agogon ya tsaya tun bara, batir ya ƙare,
haka nan na rataye shi a ɗakina.