Zalɓen Katako

Shekara talatin ina tura kwalekwale a tafkin Madarunfa,
ban taɓa sanin wurin nan yana da kyau ba.
Na san shi da tarwaɗa, na san shi da sauro,
na san inda laka ke haɗiye gora,
da gindin marken da nake shanya taru.
A nan wani zalɓe ke tsayuwa da asuba,
ƙafa ɗaya a ruwa, ɗaya a ciki.
Ba ya gaishe ni, ba na gaishe shi,
haka muka yi zaman maƙwabtaka.

Sai Ma'azu ɗan ƙanwata ya zo hutu daga Maradi
da waya mai tsagaggen gilashi.
Ya ce, Kawu, tsaya, kar ka motsa filafili.
Rana ta leƙo kamar gwaiduwar ƙwai,
zalɓe ya buɗe fiffike, ya tashi.
Numfashi goma, iyakar abin ke nan.
Yaro ya jefa shi cikin wayoyin duniya
kamar yadda nake jefa birgi,
ashe nasa birgin mutane yake kamawa.

Lahadin farko, kabu-kabu uku.
Ta biyu, mota cike da 'yan makaranta.
Kafin ruwa ya janye daga fadama
an zo daga Tibiri, an zo daga Tasawa,
har masu lambar Katsina sun ƙetaro iyaka.
Amarya da ango cikin shadda iri ɗaya,
samari da tabarau ko rana ba ta fito ba,
kowa na tambaya, Baba, ina wurin tsuntsun?
Kowa ya juya wa ruwa baya,
ya ɗaga hannu sama, ya yi wa tafinsa murmushi.
Ban ga wanda ya dubi tafkin da idonsa ba
sai wata yarinya da cajinta ya ƙare.

Ledar ruwa ta yi fure a kan ƙaya.
An taka gadon albasar Barira ya koma hanya,
ta yi kuka kwana biyu,
rana ta uku ta kafa kaskon suya a bakin hanyar.
An sassaƙa sunaye a jikin marke
har ya fara zubar da ganye ba lokacinsa ba.
Kifi ya gudu tsakiya.
Zalɓe kuwa, tun Lahadi ta huɗu,
bai yi wa kowa sallama ba.

To, baƙo ya biya kuɗin mota, tsuntsu yake so.
Tsahiru masassaƙi, mai turmi da akushi,
ya fafe mana wani da icen kanya,
ya shafa masa toka, ya kafa shi da ƙusa.
Dala ashirin hoto ɗaya.
Ba ya tashi, ba ya gajiya,
sun ce ma ya fi na farkon tsayuwa.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ke karɓar kuɗin.
Na rufa ɗaki da kwano, na biya bashin gero,
tarun yana rataye, ɓera ya yi gida a ciki.
Wanda ya ci ladan kuturu, an ce, dole ya yi masa aski,
ni kullum aska na hannuna.
Ma'azu ya aiko saƙo wai mun kai dubu ɗari.
Dubu ɗarin me, ban tambaya ba.

Shekaranjiya barci ya ƙi ni.
Na kwance kwalekwale kafin kiran assalatu,
na yi nisa, inda ba a jin ƙarar babur.
Wani abu mai dogon wuya ya motsa cikin ciyawa,
ya dube ni, na sunkuyar da kai.
Gabas ne ko yamma?
Ku yi haƙuri.
Wannan karon bakina da goro.