Tekun da Mudi Ya Bari

Ban taɓa ganin teku ba.
Amma yayana Mudi ya bar mini guda,
lita ɗari biyu, a gidanmu na Dogon Dutse,
tsakanin firij da taga,
da wani littafi da ya cika da lambobi
har zuwa wata Laraba.

Jos ba ta san gishiri ba sai a miya.
Ruwanmu na rijiya ne, ya ratso kuza da jar ƙasa,
sai na tace shi sau biyu
kafin in kwance buhun da ke zuwa daga Legas.
Giram talatin da biyar a kowace lita.
Ba a yi masa gyara
irin ta masu tumatir a Farin Gada.

Bayan sallar asuba nake ɗiba a 'yar kwalba,
ina ɗiga magani, ina ƙirgawa.
Ɗaya, shuɗi. Huɗu, shuɗi.
A na shida ya koma ruwan ɗorawa.
Takwas Mudi ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa.
Ina biyun suka shiga tsakanin hannunsa da nawa?

Goggo Lantana ta leƙo da carbinta:
"Tsami ya yi? Jefa masa kanwa mana,
ai haka muke wa yakuwa."
Na yi dariya, sai kuma na yi shiru,
don farin garin da ke gwangwanin Mudi
ƙanen kanwa ne, boko kawai ya yi.
Rabin cokali yau. Rabi jibi.
A gefen shafi ya sa:
mai gyara da gaggawa, shi ke kisa.

Ita murjanin da ta sani a wuyan amare yake.
Ba ta yarda wannan yana cin abinci ba
sai daren da na haska mata tocila
ta ga ya buɗe 'yan yatsu yana lalube.
Ta ce, "Ikon Allah," ta ja kujera.

Cikin Agusta aka ɗauke wuta kwana biyu.
Sanyi ya sauko daga Shere.
Na lulluɓe gilashin da bargon Mudi,
na yi ta tafasa ruwa a gora ina sakawa,
kifin nan mai ratsin lemo yana kallona
kamar na ci masa bashi.

Duk mako ruwan na sauka da faɗin yatsa.
Karon farko na cike shi da ruwan gishiri,
jatan lande biyu suka kwana a kife.
Sai daga baya na kai shafi na sha tara:
ruwa kaɗai ke tashi, gishirin yana nan,
ƙara masa ruwa zalla.

Na daɗe zaune da wannan shafin.

Yau a ɗigo na bakwai ya juya.
Na rubuta a ƙasan Larabarsa,
da birona ja, wanda ba ya so.